SHARHI: Ba Kowace Shanyewar Ƙafa Ce Shan Inna Ba, Amma Kowacce Sai An Kai Rahotonta

A ranar 25 ga watan Agusta na shekarar 2020 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa an kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga nahiyar Afirka, bayan an shafe shekaru huɗu ba a sami yaron da ta kama ba, tun daga na ƙarshe da aka gani a Jihar Borno cikin watan Agustan 2016. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, idan aka tuna cewa a shekarar 2006 kaɗai cutar ta nakasa yara 1,122 a Nijeriya, sannan a 2012 ƙasarmu ce ke da 122 daga cikin 223 da aka samu a duniya baki ɗaya, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi shafa.

To sai dai tun daga wancan lokaci akwai tambayoyi guda biyu da jama'a ke yi a Malumfashi da Kafur da Bakori da Funtuwa da sauran garuruwanmu na kudancin jiha. Ta farko ita ce: in dai an ce cutar ta ƙare, me ya sa har yanzu ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara magani? Ta biyu kuma: in ta ƙare, daga ina yaran da har yau muke gani ƙafafunsu na shanyewa suka fito? Waɗannan tambayoyi ne na masu hankali, kuma duk jami'in da ya ɗauke su a matsayin jahilci ko taurin kai bai taimaki aikinsa ba. Amsarsu duka biyu tana farawa ne daga sanin yadda jikin ɗan Adam ke motsa gaɓoɓinsa.

A Hausa kalmar jijiya ta haɗa abubuwa uku da ba aikinsu ɗaya ba. Akwai jijiyar da jini ke gudana a cikinta, akwai wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara, akwai kuma ta uku, fara siririya, wadda aikinta ɗaukar saƙo ne kawai. Wannan ta ukun muke nufi a nan. Idan yaro ya yi niyyar ɗaga ƙafarsa, umurnin yana tashi ne daga ƙwaƙwalwa, ya gangaro ta cikin laka, wato farin zaren nan mai kauri da ke kwance cikin ƙashin baya. Magabata da suka ce wane ba shi da laka a jiki sun san inda ƙarfi yake. A cikin lakar akwai wasu ƙwayoyin halitta na musamman da ke karɓar umurnin, kuma kowace ɗaya tana da dogon zare da ya fita daga ƙashin baya ya tafi har wurin tsokar da aka ba ta ta kula da ita. A jikin babban mutum, zaren da ke zuwa tafin ƙafa yakan kai tsawon mita guda.

Abin da ke bin wannan zare ɗan ƙaramin lantarki ne da jiki ke haɗa wa kansa. Yana samuwa ne ta hanyar shige da ficen sinadarai biyu ta bangon zaren: sodiyam, irin wanda ke cikin gishirin miya, yana kutsawa ciki, fotasiyam kuma yana fita waje, haka abin ke tafiya gaba-gaba har ƙarshen zaren. An lulluɓe zaren da wani irin kitse kamar yadda ake lulluɓe wayar wuta da roba, kuma wannan lulluɓi ne ke sa saƙon gudu. A jijiyoyin da suka fi kauri yakan yi mita 120 cikin daƙiƙa ɗaya, gudun da ya zarce kilomita 400 a awa.

Wani abin mamaki shi ne jijiyar ba ta taɓa tsokar. Akwai ɗan tsago tsakaninsu wanda ido ba ya iya gani. Lamarin ya yi kama da na manzon hakimi da ya zo gidan matan aure: iyakarsa zaure, daga nan sai ya sami yaro ya shigar masa da saƙon ciki. Yaron aiken a nan wani sinadari ne da ake kira asetilkolin. Jijiya ta sake shi, ya tsallaka tsagon, tsoka ta ji, ta tsuke, ƙafa ta ɗaga. Nan take kuma wani sinadarin daban ya zo ya share shi, domin tsokar ta saki ta jira umurni na gaba.

Manomanmu suna da ruwa da tsaki a wannan wuri. Fiya-fiya da ire-irensa na feshin auduga da wake da adana hatsi suna kashe ƙwari ne ta hanyar hana wannan sharewa, kuma haka suke yi wa mutum. Shi ya sa yaron da ya sha ko ya shaƙa da yawa za a ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, tsokoki na rawa, numfashi na sarƙewa. Galan ɗin da aka zuba maganin feshi bai kamata ya koma na ruwan sha ko na man gyaɗa ba, komai wankin da aka yi masa.

Tsoka tana rayuwa ne da saƙon da take samu. Idan saƙo ya yanke mata, cikin 'yan makonni za ta fara motsewa, ƙafar ta sirance, in yaro ne kuma girmanta ya ragu a kan 'yar uwarta. Saboda haka idan aka ga ƙafar da ta shanye, abin tambaya shi ne a ina hanyar ta katse: a ƙwaƙwalwa, a laka, a zaren jijiya, ko kuwa a cikin tsokar kanta? Kowane wuri da irin cutarsa.

Shan inna tana katse hanyar ne a laka. Ƙwayar cutar tana shiga ta baki, daga ruwa ko abinci ko hannun da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, ta fita cikin kashi ta kama wani. Mafi yawan yaran da ta shiga jikinsu ba sa nuna alamar komai. A cikin kowane 200, kusan ɗaya ne take kaiwa ga lakarsa ta kashe waɗancan ƙwayoyin halitta masu aika umurni, kuma wadda ta mutu ba a mayar da ita. Yawanci abin yana zuwa ne da zazzaɓi, sai cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ƙafa ta langaɓe, sau da yawa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, alhali in an tsunkule ta yaron yana ji. Biyar zuwa goma cikin ɗari na waɗanda suka shanye suna rasuwa idan abin ya kai ga tsokokin numfashi. Mun gaji sunan cutar ne daga imanin cewa wata aljana, Inna, ita ke shanye gaɓar yaro. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, duk yaro ɗaya da aka gani ya shanye, akwai wasu ɗaruruwa a unguwar da ke yawo da ƙwayar lafiya lau.

A nan ne amsar tambaya ta farko take, kuma muna ganin gara a faɗe ta a fili, domin ɓoye ta ne ke ba masu jita-jita abin faɗa. Maganin da ake ɗigawa a baki yana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana. Tana koya wa jiki yaƙi, sannan ta fita cikin kashi. A garin da kusan kowane yaro ya karɓi rigakafi, nan take take mutuwa domin ba ta da wurin sauka. A garin da aka bar yara da yawa ba rigakafi kuwa, sai ta yi ta yawo daga wannan hanji zuwa wancan, har tsawon shekara ko fiye, a hankali tana sauya kama, har ta dawo da ƙarfin shanye gaɓa. Wannan sauyayyiyar ƙwaya ce ta kama yara fiye da 400 a Nijeriya a shekarar 2021, kuma a shekarun da suka biyo baya an ci gaba da samunta, musamman a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Kano da Katsina. Waɗanda take kamawa galibi yaran da ba su karɓi rigakafi ba ne, ko ba su kammala ba. Tun watan Maris na 2021 Nijeriya ta fara amfani da wani sabon nau'in ɗigo da aka gyara domin ya yi wuyar sauya kama, ita ce ma ƙasar farko da ta yi amfani da shi, ban da allurar shan inna da aka shigar cikin rigakafin yau da kullum a 2015, wadda ƙwayar da ke cikinta matacciya ce.

Mun riga mun ga abin da tsayar da rigakafi ke haifarwa. Bayan dakatarwar da aka yi a wasu jihohin Arewa a 2003, wadda a Kano ta kai har watan Yulin 2004, cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da Indunusiya. Alhazanmu ba su manta lokacin da Saudiyya ta wajabta ɗiga wa maniyyatan Nijeriya maganin ba, babba da yaro. Ita kuma ƙwayar asali har yau tana nan a Afganistan da Pakistan.

Tambaya ta biyu ta fi faɗi, domin mafi yawan yaran da gaɓoɓinsu ke langaɓewa a yau ba shan inna ke damunsu ba. Wanda ya fi ba mu takaici a cikin sabubban shi ne wanda hannun mutum ke jawowa, wato allurar ɗuwawu. Jijiyar saƙo mafi girma a jiki tana ratsawa ne ta cikin ɗuwawu ta gangara bayan cinya. Ɗuwawun ƙaramin yaro ba shi da nama sosai, balle wanda ciwo ya ramar. Idan wanda bai ƙware ba ya soka allura ta sami wannan jijiya, yaron zai iya tashi da tafin ƙafa yana reto, yana jan sa a ƙasa, wani lokaci har abada. Ga ƙananan yara, gefen cinya na waje ake yi wa allura. Bugu da ƙari likitoci sun daɗe da gano cewa allurar cikin tsoka ga yaron da ƙwayar shan inna ke jikinsa tana ƙara haɗarin shanyewar wannan ƙafar da aka soka. Duk da haka akwai iyayen da ba sa jin an yi wa ɗansu magani sai an yi masa allura, akwai kuma masu kemis da ke biye musu, alhali yawancin zazzaɓin yara na sha ya ishe shi.

Akwai kuma wata larura da garkuwar jiki ke juyowa ta ci lulluɓin jijiyoyi, sau da yawa bayan gudawa ko mura. Ita tana farawa ne daga ƙafafu biyu tare ta hauro sama, kuma yawancin yara suna warkewa idan an kula da numfashinsu a asibiti. Yaran da suka sha wuya wajen haihuwa, ko shawara mai tsanani ta kama su a makon farko, ko sanƙarau ya taɓa ƙwaƙwalwarsu, su galibi gaɓoɓinsu ƙagewa suke yi, ba langaɓewa ba.

Sai cututtukan gado, waɗanda ba a cika maganarsu ba a yankinmu, ga shi kuwa suna raba aure suna kuma cinye dukiya wajen neman magani. Ta farko likitoci suna kiranta SMA. Tana kashe ainihin ƙwayoyin lakar da shan inna ke kashewa, amma ba wata ƙwayar cuta da ta shigo daga waje. Jikin yaron ne ya rasa wani sinadari da ke raya waɗannan ƙwayoyi, saboda tawaya a wani ƙwayar gado da masana suka gano a 1995. A duniya ana samunta ga kusan jariri ɗaya cikin 10,000. Mai tsananin takan bayyana kafin wata shida: jariri ya kasa riƙe wuyansa, ya kwanta laƙwas, kukansa da tsotsonsa ba ƙarfi, yana numfashi da ciki, amma idanunsa tar yana bin kowa da kallo, domin hankalinsa lafiya lau yake. In ba magani, yawancin irin waɗannan ba sa kai shekara biyu. Akwai nau'o'i masu sauƙi da yaro kan zauna har ma ya yi tafiya.

Gadon SMA irin na sikila ne, wanda yanzu kowa ya san lissafinsa. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da tawayar, su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ke nan mijin da ya ɗora wa matarsa laifi ya manta rabin abin daga gare shi yake. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da ita. Ba muna cewa a bar shi ba ne, amma zuriyar da ta binne jarirai biyu ko uku masu irin waɗannan alamu ya kamata ta nemi shawarar likitan yara kafin a sake ƙulla wani a cikin gida, kuma a sani gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta. An sami magunguna a Amurka a 2016 da 2019 da 2020. Na 2019 ɗin, Zolgensma, sau ɗaya ake yin sa, kuma dala miliyan 2.1 aka sa masa a lokacin. Ba sai mun faɗi abin da wannan ke nufi ga manomin masara ba.

Ta biyu ita ce cutar Duchenne, ana furta shi Dushen, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a shekarun 1860. A nan ƙwaƙwalwa tana aika saƙo, laka da jijiya suna isar da shi, tsokar ce ke lalacewa, domin ta rasa wani sinadari da ke ƙarfafa bangonta, sai ta riƙa yagewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da ta yi aiki. Kusan yara maza kaɗai take kamawa, ɗaya cikin 3,500 zuwa 5,000. Ana haihuwar yaro lafiya, ya yi tafiya, sai tsakanin shekara uku zuwa biyar a ga yana yawan faɗuwa, ba ya iya tsere da sa'o'insa, yana tafiya a kan yatsu. Sha-raɓarsa takan yi girma har a ɗauka ƙarfi ne, alhali kitse ne ya maye gurbin nama. Babbar alamar ita ce in zai tashi daga ƙasa sai ya dafa gwiwoyinsa, ya bi cinyoyinsa da hannu yana tura kansa sama. Irin wannan yaro ne ake duka a gida da makaranta ana ce masa rago. In ba kulawa, yawanci tafiya tana gagararsa wajen shekara 10 zuwa 12, daga baya abin ya taɓa zuciya da numfashi. Yawanci ta wajen uwa take biyowa, amma kusan kashi ɗaya cikin uku sabuwar tawaya ce da ta faro daga kan yaron. Gwajin jini guda ɗaya yana ba likita haske a kanta, akwai kuma ƙwayoyin da ke jinkirta ta na wasu shekaru, sai dai ba a shan su sai bisa kulawar likita. Babu ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu da ke yaɗuwa, kuma babu wadda rigakafi ke kawowa.

Uwa a gida ba za ta iya rarrabe duk waɗannan ba, ko ma'aikacin lafiya ba ya yanke hukunci da ido. Shi ya sa ƙa'idar ta zama guda ɗaya: duk yaron da bai kai shekara 15 ba, wanda ƙafarsa ko hannunsa ya langaɓe farat ɗaya, a sanar da asibiti mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Za a ɗauki kashinsa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa cikin sanyi a kai ɗaya daga ɗakunan gwajin shan inna guda biyu na ƙasa, na Ibadan da na Maiduguri. Ba a biyan ko kwabo. Kwana 14 ɗin nan su ne matsalar, domin bayansu ƙwayar tana raguwa a cikin kashi, kuma galibi a cikinsu ne ake zagayen mai ɗori da mai magani da mai kemis. Addu'a da kai rahoto ba sa karo da juna. Abin da muke roƙon malamai da masu ɗori da wanzamai da ungozomomi shi ne, ranar da aka kawo musu irin wannan yaro, a ranar mai unguwa ya ji.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai akwai wani lissafi da ya kamata su riƙe. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne, ko babu shan inna sam, ya kamata a gano aƙalla yara biyu masu irin wannan langaɓewa cikin kowane yara 100,000 a shekara, saboda sauran sabubban da muka ambata. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Malumfashi mutane fiye da 180,000, kusan rabinsu yara, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Don haka ƙaramar hukumar da ta shekara ba ta kai rahoton ko yaro ɗaya ba, ba yabo ya kamace ta ba, tambaya ce: wa yake dubawa? Wannan ya fi muhimmanci a yankunan da matsalar tsaro ta hana ma'aikata shiga, da kuma unguwannin Malumfashi da Funtuwa da suka karɓi iyalan da suka baro ƙauyukansu, waɗanda da yawa daga cikin 'ya'yansu ba su da katin rigakafi. Ƙasar Galadiman Katsina ba baƙuwa ba ce ga irin wannan aiki. A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful sun ƙirga jama'ar yankin gida-gida, sun yi nazarin zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, kuma da haɗin kan masu sarauta suka yi shi. Haka nan nasarar 2020 ba ta samu ba sai bayan sarakunan Arewa sun shigo cikin aikin gadan-gadan a 2009, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar.

Inda muke ganin da sauran gyara shi ne abin da ke biyo bayan gwaji. Idan sakamako ya nuna ba shan inna ba ce, a wurin masu tattara alƙaluma magana ta ƙare, a wurin iyaye kuwa yaron yana nan kwance. Uban da aka karɓi kashin ɗansa sau biyu bai sake jin ɗuriyar kowa ba, da wuya ya kira wani gobe, da wuya kuma ya buɗe ƙofa ranar rigakafi. Ya kamata a mayar wa iyaye da sakamakon, a yi musu bayani da Hausa, a rubuta musu takardar zuwa Babban Asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, in abin ya fi ƙarfin nan a tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Gashi da motsa gaɓoɓi a watannin farko suna hana gaɓa ƙagewa, kuma a shan inna jijiyoyin da suka tsira sukan yi rassa su ɗauki nauyin wasu tsokokin da suka rasa nasu, shi ya sa ake samun ɗan sauƙi cikin wata shida na farko. Takalmin ƙarfe da sanda da keke suna mayar da yaro aji. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keke zai iya shiga, kuma makarantun firamare da ɗakunan shan magani da ke ƙarƙashin ƙananan hukumomi suna cikin waɗannan gine-gine.